LEGO Saturn V: ya yi, amma injinansa a kafe suke

Malaman kimiyya na Agege da Idi-Araba, wannan samfurin LEGO (bulolin roba na harhaɗawa) na Saturn V, rokar shirin Apollo na zuwa wata, ya ci kuɗinsa. Ƙananan sassa 1969 ne, tsayinsa mita ɗaya, yana rabuwa hawa uku kamar ta gaske. Rubutun jikinsa bugawa aka yi, ba liƙawa ba, danshin Legas ba zai ɓare shi ba.

Cikas ɗinsa: injinan F-1 biyar da ke gindin rokar ba sa motsi. A rokar gaske, huɗun gefe ne ke karkacewa su murɗa ta. Kan dandamalin harbawa an saita rokar Apollo 11, tafiyar da ta fara kai mutane kan wata, a digiri 90 daga arewa, hanyarta kuwa 72 ce. Shi ya sa daƙiƙa 13 bayan tashi ta fara mirginawa, don kwanciyarta zuwa falaki ta bi fuska ɗaya tak. Wannan kam sai malam ya nuna wa ɗalibai da hannu.