Ƙwallon duniya, taswirar bango ko waya: wanne zai nuna wa yaro tsibiri?

Yaron Damagaram bai taɓa ganin teku ba, babban ruwan da ya sani shi ne tapkin damina. Nijar ba ta da gaɓar teku ko taki ɗaya. Shi ya sa in mushe, wato malamin lakwal, ya ce Madagaska tsibiri ce, yaro kan haddace maganar kawai, bai ga abin a zuci ba. Kayan da iyaye za su saya masa su ne za su cike wannan giɓi, kuma ba duka suke aiki ɗaya ba.

Ni dai ƙwallon duniya nake sawa gaba, musamman ga ɗan shekara 5 zuwa 8. Yaro zai ɗora yatsa a kan Nijar, ya gangara kudu maso gabas har Mozambik, ya tsallaka shuɗin ruwan da faɗinsa ya kai wajen kilomita 400, ya sauka Madagaska. Sai a ce ya kewaye ta da yatsa. Duk inda ya bi ruwa ne, kuma da hannunsa ya gano hakan, ba faɗa masa aka yi ba. Ƙwallon ba ya ha'inci wajen girma: Madagaska, tsibiri na 4 a girma a duniya, tana da murabba'in kilomita kusan 587,000, ba ta kai rabin Nijar mai 1,267,000 ba, kuma haka ido zai gan su. A guji na roba da ake hurawa, zafin Afrilu da ƙaya ba sa barin sa ya daɗe. Mai fitila a ciki ƙarin kuɗi ne kurum. A nemi mai tauri, mai faɗin santimita 30 ko kusa da haka, don a ƙaramin ƙwallo tsibiran Komoro da Moris ɗigo ne da ba a gani.

Taswirar bango ta fi araha, yara da yawa kuma na iya kallon ta lokaci guda, amma nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Da yawa an zana su ne a tsarin Mercator na 1569, wanda aka yi domin matuƙa jirgin ruwa. Tsarin yana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Girinlan, tsibirin da ke can arewacin duniya, takan fito kamar ta yi kai da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Tsibirin Birtaniya, wanda bai kai rabin Madagaska ba, sai ya fito kusan daidai da ita. Abin yana damuna, don yaron da ya tashi da irin wannan hoto zai ɗauka nahiyarsa ƙarama ce. Kafin a biya, a sa mai shago ya warware ta, a gwada Girinlan da Afirka. A duba ko akwai Sudan ta Kudu, wadda ta samu ƴanci a 2011. In babu, tsohon bugu ne. A zaɓi mai rufin leda saboda ƙurar hunturu da gara. Waɗanda ake kawowa daga Kano da Ingilishi suke, sunayen tekuna za su saɓa da na littafin lakwal in da Faransanci ake koyar da yaron.

Littafin taswirori na manyan yara ne masu karatu da kansu. Wasan haɗa gutsattsarin taswira yana da daɗi, sai dai gutsuren tsibiri shi ke fara ɓacewa, kuma bai dace da gidan da ake da mai rarrafe ba.

Google Earth a waya kyauta ne amma yana cin mega, yaro kuma da ya ja yatsa sai ya ɓace a tsakiyar teku. Amfaninsa na zuwa ne bayan yaro ya san wurin, lokacin da za a matso masa da Antananarivo, babban birnin Madagaska, ya ga gidaje da tuddai.

Wanda aljihunsa bai kai ga ƙwallo ba, in ya shiga Kasuwar Dole ta Damagaram ya nemi taswirar Afirka kaɗai maimakon ta duniya. A kanta Madagaska na fitowa babba, Komoro na nan da sunanta, Kap Bar ma ana ganin tsibiranta 10 yamma da Senegal.