Gyaran allon saman kai na a-kori-kurata a Garwa: sharhina kan aikin mai rediyo

Duk mai tsohuwar a-kori-kura ƙirar Amurka, irin na farkon shekarun 2000 da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Duwala a Kamaru, ya san ɗan koren allon nan da ke manne a rufi kusa da madubi. Shi ke nuna alƙibla, da zafin waje, da kilomita nawa man da ke tanki zai iya kai ka. Nawa ya fara ne da dushewa. In na buga masa tafin hannu sai ya farfaɗo, daga baya ya mutu ɗungurungum.

Wani zai ce ai ba ya hana mota tafiya. Gaskiya ne, amma ni da nake jigilar kaya tsakanin Garwa da Marwa, tafiyar kusan kilomita 200, kuma nakan ratse zuwa kasuwannin ƙauye inda sai dai man kwalba, lissafin nan na mai yana min rana ƙwarai.

Mai wayarin ɗin da na fara zuwa wurinsa cewa ya yi a sauya akwatin allon gaba ɗaya, sai an yi oda daga Duwala ko a ƙetara Yola a nemo na hannu. Wani direba ne ya ce in gwada wani matashi mai gyaran rediyo da talabijin a bayan kasuwa, kuma aikinsa ne nake son in yaba a nan.

Bai yi gaggawa ba. Ya fara duba fiyus, ya tabbatar wuta na isowa, sannan ya kwance akwatin ya zaro ɗan faifan da ke ciki. Ya miƙo min gilashin ƙara girma ya ce, "Alhaji, duba nan da kyau." Wasu 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba, su ne rezistans masu rage ƙarfin wutar da ke zuwa allon. Dalmar da ta riƙe su ta tsage siriri kamar gashi, ɗaya ma da ya taɓa shi da bakin allura sai ya ɗago. Ya bayyana min cewa suna ɗaukar zafi in mota na aiki, su huce in an kashe, a haka dalmar ke gajiya. Ga rufin mota a ranar Maris da Afrilu ta Garwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga girgizar hanya. Shi ya sa dukan da nake masa ke tayar da shi na ɗan lokaci.

Abin da ya fi burge ni, bai tsaya kan wanda ya ɗago kaɗai ba. Ya bi dukkansu ya sake liƙe su da sabuwar dalma, ya goge wurin tsaf. Da ya mayar, lambobi suka fito tar. Jaka biyar ya karɓa, ban ko yi ciniki ba.

Ƙorafina biyu ne. Wajen cirewa ya karya maƙalin roba guda, don robar ta riga ta bushe, yanzu akwatin na ɗan kaɗawa a kan gargada. Sannan bai san cewa kwamfas ɗin da ke nuna alƙibla na bukatar saiti ba. Ni na je fili nesa da ƙarafa da wayoyin lantarki, na sa shi a yanayin saiti na yi ta kewaye a hankali har ya daidaita.

In naka yana kawo wuta amma zafin da yake nunawa ba daidai ba ne, wannan wata matsala ce daban. Na'urar auna zafin tana can gaban mota wajen lagireto, ita za a fara dubawa kafin a taɓa rufi.