Hukumar Shaida ko Sarƙar Shaidu: Wa Zai Tabbatar da Mabuɗi?

An turo maka mabuɗin ɓoye saƙo ta intanet. Ta yaya za ka san na mai sunan ne?

A tsarin HTTPS, wanda ke kare sadarwarka da shafukan intanet, wasu kamfanoni ne ke sa hannu a takardar shaidar mabuɗin shafi, burauzarka kuma ta zo da jerin waɗanda ta yarda da su. Kai ba ka yin komai, shi ya sa tsarin ya karɓu. Matsalar ita ce kowannensu na iya ba da shaida ga kowane shafi, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. A 2011 aka kutsa cikin DigiNotar, wani kamfanin ba da shaida na ƙasar Holan, aka fitar da takardun bogi sama da 500, har da na Google, aka yi wa 'yan Iran leƙen asiri da su. Yanzu burauzar Chrome ba ta karɓar takardar da ba a shigar a rajistar da kowa ke iya dubawa ba.

PGP, tsarin ɓoye saƙo da Phil Zimmermann ya fitar a 1991, ba shi da hukumar shaida. Ka haɗu da mutum ido da ido, ka gwada lambar tantance mabuɗinsa harafi bayan harafi, sannan ka sa hannu. A GnuPG, wata manhaja mai bin tsarin PGP, shaida ɗaya da ka amince da shi gaba ɗaya ya wadatar, ko uku da ka amince da su rabi-rabi, kuma sarƙar shaidu, wato wannan ya shaidi wancan, ba ta wuce mataki 5.

Wannan ya fi dacewa da ƙaramar ƙungiyar da ta san juna, kamar masu gina manhajar kwamfuta ta Debian. Sai dai sa hannun yana tona wa ya san wa, baƙon da bai san kowa ba kuma yakan rasa mai shaidarsa.