Mayar da ƙaramar motar ƙarfe motar daji: abin da za ka auna kafin ka saya a Zariya

Mai son ya ɗauki ƙaramar tsohuwar mota ta zubin ƙarfe ya mayar da ita motar daji, mai tsayi da tayu masu haƙora da kariya, wato abin ɗora kaya, a sama, ya nemi taya kafin ya nemi mota. Bodi ana samunsa a wurin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ko a shagunan kayan wasan yara, amma tayar da za ta dace da shi ita ce ke wahalar samu, kuma ita ce ke nuna ko aikin ya yi kama da mota ta gaske ko kuwa abin wasa. Saboda haka duk zaɓin da ke ƙasa a kan taya yake juyawa.

Girma huɗu ne suka fi yawa: 1:64, 1:43, 1:24 da 1:18. Lambar tana nufin sau nawa aka rage motar gaske. Fijo 504 tana da tsawon kusan mita 4.5, don haka a 1:64 za ta zo milimita 70, a 1:43 kusan 104, a 1:24 kusan 187, a 1:18 kuma santimita 25. Ƙananan 1:64, irin Hot Wheels da Matchbox, su ne masu araha, kuma idan ka lalata ɗaya ba za ka yi baƙin ciki ba. Matsalarsu ita ce ba da sukuru aka haɗa su ba. Ginshiƙai biyu ne daga jikin bodin suka ratsa farantin ƙasa aka daddake kansu, sai an huda kafin a buɗe. Ana fara ƙaramin rami a tsakiyar ginshiƙin da bakin diril na milimita 1.6, zurfin milimita 4 zuwa 5, sannan a ci kan da ya baje da baki na milimita 4 ko 4.5 a hankali har farantin ya saki. Ƙaramin ramin nan shi ne zai karɓi sukuru mai lamba M2 idan an zo mayarwa. Ka naɗa salatif a jikin bakin diril don alamar zurfi, in ba haka ba sai ka gan shi ya ɓullo ta saman bonet.

Girman 1:24, irin na Welly da Maisto da Bburago, yawanci da sukuru ake buɗe shi, kuma hannu yana samun wurin aiki. Ga wanda bai taɓa yi ba kuma yana son abin ajiyewa a falo, wannan muka fi ba da shawara. Welly tana da 504 a wannan girman. A 1:43 ne aka fi yin motocin Faransa, Norev da Solido duk sun yi 504, sai dai tayun daji na wannan girman sun fi ƙaranci, kuma yawancin motocin na masu tarawa ne, tsadarsu ba ta bari a sa musu zarto da kwanciyar rai. Shi kuwa 1:18 kyakkyawa ne, amma yana da sitiyari mai juya tayu da sifirin a ƙafafu, ɗaga shi aiki ne na wanda ya riga ya ƙware.

Ba kowace tsohuwar mota ce daji ke yi wa kyau ba. Fijo 504 tana da hujjarta: a Kaduna aka riƙa haɗa ta a masana'antar PAN da ta fara aiki a 1975, kuma a shekarar nan ce Ove Andersson ya lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da ita. Kamfanin Dangel na Faransa ma ya riƙa mayar da wagon da fikof ɗinta masu jan ƙafa huɗu. Duk wanda ya taɓa ganin 504 ta ɗauko buhunan masara daga ƙauyukan Giwa ko Soba a tsakiyar damina ya san ba ƙarya ba ce a ɗora mata kariya da jarka. Volkswagen Beetle ita ma ta dace, amma salonta na daji yana buƙatar yanke madigadi da buɗe injin baya, wato yankan ƙarfe mai yawa. Dogayen motocin Amurka masu faɗi da ƙasa-ƙasa sun fi wuya, domin madigadinsu yana rufe rabin taya.

Idan gwanjo za ka saya, kada fenti ya dame ka tunda cire shi za a yi. Gilashi ka duba, da fitilu, da ginshiƙan rufi. Gilashin da ya tsage ba shi da gyara. Waɗannan motoci da gamin tutiya da alminiyam ake zuba su, ƙarfe ne da ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake yi, don haka rufin da aka taka ya lotsa da wuya ya miƙe lafiya. Ka kuma kula da tsagu ƙanana masu kama da fasau a jikin ƙarfen, ko ƙofar da ta kumbura ta ƙi rufuwa. Wannan cuta ce ta ƙarfen da ya gauraya da dalma tun wurin zubi, laima tana hanzarta ta, kuma ba ta da magani. Irin wannan ko kyauta ce ka bar ta.

Yanzu taya. Tayar 504 ta asali tana da tsayin kusan santimita 64, wato milimita 10 a 1:64, milimita 26 zuwa 27 a 1:24. Tayar daji mai inci 31, irin ta manyan jif, tana zuwa milimita 12.3 a 1:64 da kusan 33 a 1:24. Ga salun, wannan ya yi yawa sai an ci bakin madigadi. Abin da ke zama daidai shi ne milimita 11 zuwa 12 a 1:64, ko 28 zuwa 30 a 1:24. Da zarar ka wuce haka motar ta tashi daga kamannin gaske. Ka shiga kasuwa da ƙaramin rula a aljihu, ka auna tsayin tayar da faɗinta, domin ido yana ruɗi.

Hanya biyu ce ta samun su. Ko ka sayi wata motar gwanjo, jif ko fikof, ka cire tayunta, ko ka yi odar saitin tayun roba da rim ta intanet, misali a AliExpress. Ta farko ta fi sauƙi kuma kana ganin abin da ka saya, amma a 1:64 tayun yawanci busasshiyar roba ce guda ɗaya da rim, sai ka shafa baƙin fenti marar sheƙi kafin su yi kyan gani. Na oda suna zuwa da roba mai laushi da zanen haƙora na gaske, sai dai jira, ga kuma wani aibi da zafin Zariya ke ƙara wa ƙarfi: sinadarin da ke sa wasu tayun laushi yana narkar da robar rim a hankali, har ya manne da katakon da aka ajiye motar a kai idan yana da fenti. Shafa fenti ko banish a bakin rim kafin a sa taya yana raba su. Kada kuma a ajiye motar a taga ko a kan dashbod.

Ɗaga mota bai kai yadda mutane ke zato ba. Katin robar da ake ɓallo layin waya daga jikinsa, ko tsohon katin banki, kaurinsa milimita 0.76 ne. A 1:64 kati ɗaya daidai yake da ɗaga motar gaske kusan santimita 5, wanda ya isa salun. A 1:24 kati uku ne ke ba da hakan. Ana yanka shi a sa tsakanin farantin ƙasa da mazaunin aksul, wato sandar da ke riƙe tayu biyu. Aksul ɗin 1:24 sifok ɗin keke na milimita 2 yana yi masa, mai gyaran keke zai ba ka, bututun tawadar biro da aka wanke kuma ya zama gidansa idan sifok ɗin yana juyawa a ciki ba tare da kaɗawa ba. Na 1:64 yana son waya siririya ta kusan milimita 0.8 da bututun tagulla, wanda yawanci sai an haɗa shi cikin oda. Kafin gam ya kama, ka dasa motar a kan gilashi ko tayil, ka tabbata ƙafafu huɗu sun taɓa ƙasa kuma kowace taya tana tsakiyar raminta. Aksul da ya karkace ko da rabin milimita ne ana ganinsa daga nesa.

Wajen cire tsohon fenti, maganin cire fenti na masu fentin mota ya fi sauri, amma a waje ake amfani da shi, da safar hannu. Man birki yana yi, sai dai yakan ɗauki kwanaki. Sodar da ake sabulu da ita tana cire fenti, amma tana cin tutiya da alminiyam idan aka daɗe, ga ƙuna a fata, ba ta mai koyo ba ce. Ko wanne ka zaɓa, ka fara cire gilashi da kujeru, domin tina da ire-irenta suna narkar da su. Bayan wanki da sabulu, a goga samfefa mai lamba 600, a fesa firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, wadda aka yi don ƙarfe irin alminiyam, in ba haka ba fentin zai riƙa ɓarewa da farce. Fentin gwangwani ana fesa shi daga nisan santimita 20 zuwa 25, siriri sau uku, da hutun kamar minti 15 a tsakani. Feshi mai kauri ɗaya yana cike layukan ƙofa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai a kife kwali a kan motar da zarar an fesa. A watan Agusta kuwa laima tana sa fenti ya yi fari-fari, gara a jira rana ta buɗe sosai. Launin motar daji marar sheƙi ya fi dacewa: ruwan ƙasa, kore mai duhu, ko fari irin na tsofaffin fikof.

Gam uku za ka buƙata, kowanne da wurinsa. Sufa gulu na ƙananan kaya ne, amma tururinsa yana sa gilashi ya yi hazo, kada ya kusance shi. Gam mai haɗi biyu irin Araldite shi ne na aksul da bamba. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ne na gilashi da fitilu, domin yana bushewa garau. Dalmar masu gyaran rediyo ba ta kama jikin bodin, amma tana kama wayar tagulla, don haka kariya da bambar gaba a haɗa su daban da waya ta milimita 0.5 a 1:64 ko milimita 1 a 1:24, sannan a manna. Guntun ragar sauro ta taga yana zama shimfiɗar kariya. Wuƙar yankan kwali da rular ƙarfe ana samunsu a shagunan Samaru da ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ke sayayya.

Ƙurar da za ta kammala aikin ba sai an saya ba. Jar ƙasa busasshiya, a tankaɗe ta da ƙyalle mai laushi, a dama da farin gam kashi ɗaya da ruwa kashi uku, a ɗiɗɗiga da tsohon buroshin haƙori a bayan tayu, ƙasan ƙofofi da bambar baya, inda mota ke kwasar taɓo da gaske. A rufe gilashin gaba da salatif da aka yanka daidai zagayen da waifa ke sharewa, a cire bayan ƙasar ta bushe, sannan a fesa banish marar sheƙi a jikin bodin kaɗai don ya riƙe ta.