Shagon ganyen shayi a babbar kasuwar Garwa: inda ake tambayarka yadda kake dafawa

A cikin babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, akwai wani ɗan shago da babu allon suna a bakinsa, wanda mai shi, dattijo ne da kowa ke kira Baba Alhaji, ba ya sayar da komai sai ganyen shayi da kayan haɗinsa. Abin da ya sa nake ganin shagon ya cancanci a yi rubutu a kansa shi ne, kafin ya ɗauki sikeli yakan tambayi mai saye yadda yake dafa shayinsa, ko a buta a kan gawayi ne har zagaye uku, ko kuwa da madara ake sha da safe, sannan ya buɗe gwangwanin da ya dace ya miƙa a shinshina. A manyan kantuna kuwa kwali ne a rufe, sai ka je gida kake sanin abin da ka saya.

Ƙarfin shagon yana wajen koren shayin da ake kawowa daga Sin. Yana da mai lamba 41022 da mai lamba 9371, waɗanda ganyensu dogo ne mai ɗan lanƙwasa, da kuma mai lamba 3505 da ake murzawa ya zama ƙananan dunƙule. Ni dai 41022 ne zaɓina, domin yana jure doguwar tafasa, yana ba da kumfa mai kauri idan an yi ta juya shi tsakanin finjalai, kuma ɗacinsa na zagayen farko ba ya barin bauri mai daɗewa a harshe. Wani abokina ɗan Njamena ya fi son 3505 saboda kaifinsa, kuma da na tambayi dattijon wanne ya fi, sai ya ce, "Ɗana, baki ba ɗaya ba ne, kowa ya sha abin da harshensa ya karɓa." Ban taɓa jin ya tura mutum ga mafi tsada ba.

Yana kuma ajiye jan shayin gida, abin da ba kowane ɗan kasuwa a arewa ke damuwa da shi ba. Kamaru tana noman shayi a Tole da ke gindin Dutsen Kamaru kusa da Buea, da Ndu a tsaunukan Arewa maso Yamma, da Djuttitsa kusa da Dschang, gonakin da suka fita daga hannun kamfanin gonaki na gwamnati mai suna CDC a shekarar 2002. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi, wanda ya fara a 2016, ya taɓa wannan harka, don haka ba kullum ake samun na Ndu a wurinsa ba. Idan ya samu, ruwansa ja ne jawur, kuma yana ɗaukar madara da citta da kanumfari ba tare da ɗanɗanonsa ya ɓace ba.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a gyara. Maƙwabcinsa mai sayar da turare ne, ganyen shayi kuma yana saurin shan ƙamshin abin da ke kusa da shi, saboda haka buhun da ke bakin ƙofa yakan ɗauki warin da ba nasa ba, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ya fi kyau mai saye ya nemi a auna masa daga gwangwanayen da ke can ciki. Na biyu, babu farashi a rubuce, kuma yana hawa da sauka gwargwadon kuɗin motar ɗauko kaya daga Duwala, wanda hakan kan sa baƙo ya yi zaton ana cutarsa. Amma yana auna ko na sefa ɗari ne ba tare da ɓata rai ba, don haka wanda bai san ganyen ba zai iya ɗaukar kaɗan daga iri biyu ko uku ya gwada a gida kafin ya sayi rabin kilo.