Gwajin jijiyar hannu a Kumasi: abin da na biya da abin da na samu

Shekara 31 ke nan ina ɗinki a Aboabo, rabinsu a kan surfanin hannu. Tun bayan babbar sallar bara hannuna na dama ya fara yi mini gardama. Cikin dare, wajen ƙarfe 3, sai babban yatsa da manuniya da na tsakiya su mutu murus, in tashi ina yarfe hannu kamar wanda ya damƙi garwashi. Ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa ƙalau. Na sha maganin sanyi, an yi mini ƙaho, na sayi man zafi kala uku a kasuwar Kejetia. Ranar da allura ta suɓuce mini sau huɗu a wuyan riga guda, a gaban yaran shagona, na haƙura na je wurin likita. Shi ya tura ni gwajin gudun jijiya a wani asibitin kuɗi. Tun da na dawo ake tare ni a ƙofar masallaci ana tambaya ko abin ya ci kuɗinsa, to ga amsa kowa ya karanta.

Zan fara da ɓacin rai. An ce in zo ƙarfe 9, ba a kira ni ba sai dab da azahar, kuma babu wanda ya leƙo ya ce mana ku yi haƙuri. Katin inshorar lafiyata ko kallonsa mai karɓar kuɗi bai yi ba. Abin da na tura ta MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ya kai ladan ɗinkin manyan riguna biyu. Sannan lokacin hunturu ne, na shafe hannu da man kaɗe kafin in fito, ashe ba a so a shafa mai. Da sun faɗa mini a waya, da ba a ɓata minti goma ana goge ni da auduga ba.

Wadda ta yi gwajin 'yar Zango ce, daga Asawase. Da ta ga sunana a takarda sai ta juya Hausa: "Sannu da zuwa, Baba. Miƙo hannun mu gani." Ta taɓa ta ce ya yi sanyi, ta sa na tsoma shi a ruwan ɗumi. Na ce, "'Yata, wanka za ki yi mini?" Ta ce jijiya in ta ji sanyi gudunta raguwa yake yi, sai na'ura ta nuna ciwon da babu.

Nan na fara gane cewa mu da Hausa mun haɗa abubuwa uku a suna ɗaya. Hanyar jini jijiya, agara jijiya, mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ma jijiya. Ta ukun ake gwadawa. Ta manna mini wasu 'yan faranti kamar maɓalli a tsokar babban yatsa, ta ɗora wani abu mai ƙahoni biyu a wuyan hannuna, ta danna. Wanda ya taɓa kama minjirya ya san yadda ake ji. Yatsan ya yi tsalle da kansa ba da izinina ba. Akwai ɗan zafi, amma bai kai sukar allura a ƙasan farce ba. Ta sake yi a lanƙwasar gwiwar hannu, sannan ta zaro tef, irin namu na awo sak, ta auna tsakanin wuraren biyu. Nisa a raba da lokaci, in ji ta, shi ne gudun. A zangon hannuna saƙo yana tafiyar mita 55 a sakan guda, kuma daga 50 zuwa sama lafiya ne. Amma daga wuyan hannu zuwa tsoka, ɗan wurin da bai kai tsawon yatsa da rabi ba, ya ɗauki milisakan 5.6 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), alhali bai kamata ya wuce 4 da 'yan kai ba. Ta nuna mini a allo: "Baba, ga inda motar ke maƙalewa."

Na ce ashe waya ce a jikinmu. Ta ce a'a, da waya ce da saƙon ya isa nan take, babu abin aunawa. Layi yana jiranta, don haka sauran bayanin ɗan ƙanwata da ke karatun haɗa magunguna a jami'ar KNUST ya cika mini da dare, yana zane a bayan rasit.

Jijiya, in ji shi, kamar zaren surfani take, sili dubbai a haɗe. Kowane sili ɗan batir ne. A wajensa sodiyam ya fi yawa, irin na gishirin miya. A cikinsa wani sinadarin ne ya fi yawa, fotasiyam. A fatar silin akwai famfo da ba ya hutawa, ya fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2. Yana zaune lafiya ƙarfin lantarkin cikinsa yana ƙasa da na waje da milibolt 70 (batirin tocila 1,500 ne, ka ga ƙanƙantar abin). In aka tsokane shi ya hau zuwa wajen 55 ƙasa da sifiri, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, ya kwararo ciki, cikin ya juye ya haura zuwa wajen 30 sama da sifiri. Nan da nan su rufe, na fotasiyam su buɗe, ya fita, komai ya koma yadda yake. Duk wannan cikin milisakan 1 ko 2. Wurin da ya tashi shi ke tayar da na gabansa, kamar gobarar daji a hunturu, kuma ba ta komawa baya don ƙofofin da suka rufe yanzu ba sa sake buɗewa sai sun ɗan huta.

Ya ce kuma babu rabin tashi, kamar kunamar bindiga: ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Na ce, "Kai yaro, ban yarda ba. Da mai gwajin ta ƙara wuta yatsana ƙara tsalle ya yi." Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ƙarin silillika ne suka farka, ba wai kowanne ya ƙara ƙarfi ba." Shi ya sa ta yi ta ƙarawa har tsallen ya daina girma a allo.

Inda ya fi burge ni shi ne rigar silin. Wasu suna naɗe da wani kitse da ake kira mayelin, da ɗan tsaga kusan duk bayan milimita 1. Saƙo ba ya bin ko'ina, tsalle yake daga tsaga zuwa tsaga, kamar allura ta nutse nan ta ɓullo can. Masu kaurin riga suna kai mita 120 a sakan, marasa riga wajen mita 1. Kowane tela ya san wannan a jikinsa: allura ta soke ka, ka ji tsit nan take, raɗaɗin sai ya biyo baya yana jan ƙafa. Ni matsewar da ake yi wa jijiyar a wani ɗan rami da take bi a wuyan hannu ce ta fara cin rigar. Kuma wadda ke zuwa ƙaramin yatsa ba ta bi ta wannan rami ba, shi ya sa ya tsira. Wasu Turawan Ingila biyu, Hodgkin da Huxley, su suka warware lissafin ƙofofin sodiyam da fotasiyam ɗin nan a 1952, a jikin wata halittar teku mai silin jijiya da ya kusa kaurin zare, suka sami kyautar Nobel a 1963.

Takardar sakamako ta fito bayan kwana uku, shafi biyu na Turancin likitoci zalla, da ba don yarinyar nan ta riga ta nuna mini a allo ba da ko kalma ɗaya ban kama ba. Amma kuɗin nan, da zafinsa, ya fi mini duk wanda na zuba a man zafi, don man fata yake dumamawa, matsalar kuwa tana can cikin rami. Likita ya sa an duba sukarin jinina, ya fito lafiya, ya ba ni wani maɗauri mai ƙarfe a ciki da nake kwana da shi, ya ce in bai yi ba akwai allura ko ƙaramar tiyata. Mako biyar ke nan, yanzu sau ɗaya nake farkawa, wani daren ma har asuba. Wanda zai je ya karya kumallo tukuna, kokonsa da ƙosansa, ya sa riga mai faɗin hannu, ya bar man kaɗe a gida. Surfanin azumin bana na raba wa yara biyu, ni yanka kawai nake yi.