Wata bakwai da Linux Mint a kan tsohuwar kwamfuta, da yadda muka kwashe da faifan shafawa

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a nan Garwa, kuma kwamfutar cinyar da nake aiki da ita ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, madannanta a jeren Faransanci, wanda ya fara da A, Z, E, R, T, Y. A kanta nake buga tambayoyin jarrabawa, a kanta kuma nake tara makin ɗalibai bisa 20 kafin a cike takardun sakamako. Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11, in ban da 'yan kaɗan, ba ta karɓar kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta Intel ba ta kai zubi na 8 ba. Tawa zubi na 7 ce, kuɗin sabuwa kuma ya fi ƙarfin albashin wata guda. Ana cikin haka ɗan wana da ke karatu a jami'a a Ngaundare ya zo gida da filash a aljihu, ya ce mini, “Baffa, kada ka sayar da ita, bari mu sa mata Linux Mint.”

Linux Mint babbar manhaja ce buɗaɗɗiya, wato kyauta ake samun ta, kuma kowa yana da damar duba yadda aka rubuta ta har ya gyara. Wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara ta a 2006 bisa harsashin wata babbar manhaja mai suna Ubuntu, ita ma Ubuntu tana tsaye ne a kan ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar da ke magana da sassan kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Jerin 22 muka sa, wanda ya fara fitowa a Yulin 2024 kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029. A gaskiya ba ni da abin cewa game da sauri, da firinta, da haɗin intanet, da LibreOffice da ta buɗe tsofaffin takarduna ba tare da gardama ba. Duk waɗannan sun yi aiki tun ranar farko, shi ya sa ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗan faifan nan da ke ƙasan madannai, wanda ake shafawa da yatsa don motsa kibiya.

Kuskurenmu na farko shi ne lokacin da muka gwada manhajar daga filash, linzami mai igiya ne a jone, don haka babu wanda ya taɓa faifan. Sai da yaron ya hau mota ya koma makaranta sannan na cire linzamin, na ga abin da ake ciki. Kibiya tana motsi, amma idan na ja yatsu biyu don sauka ƙasan shafi, ko gezau. Idan ina bugu kuma gindin tafin hannuna ya goga faifan, sai kibiya ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar wata tambaya, in ci gaba da rubutu a can ban sani ba. Wata rana har rabin tambaya ta huɗu ta shige cikin ta biyu, kuma sai da na buga kwafi ɗaya na gane. Na shiga wurin saiti, na kunna hana faifai aiki yayin bugu, na kashe, na sake kunnawa, amma ya zama kamar ina ba da umarni ga wanda ba ya cikin ɗakin.

Wanda ya saba da Windows, tunaninsa na farko shi ne ya nemo direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da wata na'ura, abin da masu gyara a nan suke kira pilot, ya sauke daga shafin kamfani ya sa. Ni ma kwana biyu na yi ina wannan nema kafin na fahimci cewa a Linux yawancin direbobi suna cikin ƙwayar manhajar tun asali, kuma aikin faifan hawa biyu ne. A hawa na ƙasa ƙwayar Linux ce take gano na'urar ta yi magana da ita. A hawa na sama akwai wata manhaja mai suna libinput, wadda Peter Hutterer ya daɗe yana jagorantar aikinta, ita ce take fassara shafar yatsa, ta bambanta yatsa ɗaya da biyu, ta kuma gane tafin hannu ta yi watsi da shi. Idan hawan ƙasa bai gane faifan a matsayin faifai ba, duk abin da mutum zai juya a sama aikin banza ne. Da na san wannan tun farko da na huta da wahalar mako guda.

Ta WhatsApp yaron ya ce in danna Ctrl da Alt da T tare, baƙin allon umarni ya buɗe, in rubuta xinput list. Jerin na'urori ya fito, kuma babu kalmar Touchpad a ko'ina cikinsa. Abin da na gani shi ne PS/2 Generic Mouse. Na sake tabbatarwa da cat /proc/bus/input/devices, amsar ba ta canza ba. Ashe kwamfutar tana gabatar da faifan a matsayin tsohon linzami na gama-gari, irin wanda ba ya sanin komai sai hagu da dama da sama da ƙasa.

A nan ne na shiga shawarwarin intanet, na yi abubuwa biyu da ba su amfane ni ba. Na farko, na sa tsohon direban nan xserver-xorg-input-synaptics, wanda aka yi amfani da shi shekaru da dama kafin libinput ta gaje shi, kuma bai canza komai ba, tunda faifai yake nema alhali tsarin linzami yake gani. Na biyu, na gwada ƙara kalmomi irin su i8042.reset da i8042.nomux a layin da GRUB, manhajar da ke ɗora Linux idan an kunna kwamfuta, ke tayar da ita da shi. Hanyar gwajin tana da kyau, domin mutum yana danna Esc lokacin tashi, ya danna e, ya ƙara kalmar bayan quiet splash, ya danna F10, kuma idan abin bai yi ba, sake kunnawa kawai yake share shi. Sai dai babu wanda ya gargaɗe ni cewa GRUB jeren madannan Amurka ya sani. Na danna M sai wata alama ta fito. Na nemi ɗigo na rasa. Ina zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, ina haska madannai da fitilar waya ina gwada su ɗaya bayan ɗaya, har na gano cewa harafin m yana kan madannin waƙafi, ɗigo yana kan madannin ɗigo biyu, lambobi kuma suna fitowa ba tare da an riƙe Shift ba. Duk mai kwamfutar Faransa ya rubuta wannan a takarda ya ajiye. Bayan duk wannan fama, faifan yana nan yadda yake.

Wata shawarar da na ci karo da ita ta ce a cire libinput gaba ɗaya. Allah ya sa na tambaya kafin in aikata, yaron ya ce, “Baffa, don Allah kada ka taɓa ta, madannai ma ta hannunta suke bi.” Da na cire ta, da garin neman gira na rasa ido, in tashi da kwamfutar da ba ta jin faifai kuma ba ta jin madannai.

Maganin ya fito ne daga bakin wani mai gyara a kusa da babbar kasuwa, wanda bai taɓa aiki da Linux ba. Ya saurare ni, ya ce, “Malam, ka leƙa BIOS kuwa?” BIOS shi ne allon saitin kwamfutar kanta da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi. Ya kashe kwamfutar, ya kunna yana danna F2, sai ga layi an rubuta Touchpad, a gabansa Basic. Ya mayar da shi Advanced, ya adana, ya sake tayarwa. Ya bayyana mini cewa su da kansu suke mayar da shi Basic idan za su sa Windows a irin waɗannan kwamfutoci, domin a ɗaya yanayin faifan ba ya motsi sai an sa masa direba na musamman, kuma sau da yawa ba a tunawa a mayar. Bayanin da na samu daga baya ya yi daidai da nasa. Faifan yana iya magana ta hanya biyu: tsohuwar hanyar PS/2 da IBM ta fito da ita a 1987, da hanyar I2C wadda kwamfutocin cinya suka rungumi amfani da ita wajen faifai tun zamanin Windows 8. Ta hanya ta biyun ce, wadda Advanced ke buɗewa, wannan faifan yake ba da cikakken rahoton inda kowane yatsa yake. Da na sake rubuta xinput list a shagon, sai ga sunan faifan ya fito da kalmar Touchpad a ƙarshensa, yatsu biyu kuma suka fara jan shafi.

Murnar ba ta cika ba, saboda tsohon direban da na sa na manta da shi ya farka ya karɓe ragama. Dalilin mai sauƙi ne: a cikin /usr/share/X11/xorg.conf.d fayil ɗinsa yana ɗauke da lamba 70, na libinput kuma 40, kuma wanda aka karanta daga baya shi ne ke rinjaye. Kibiya ta riƙa rawa, tafin hannu ya ci gaba da shiga rubutu. Na cire shi da sudo apt remove xserver-xorg-input-synaptics, na sake kunnawa, sai komai ya daidaita. Wannan laifina ne ni kaɗai, kuma ya koya mini in riƙa warware kowane gwaji kafin in shiga na gaba, in kuma riƙa ajiye kwafin tsarin da za a iya komawa gare shi da manhajar Timeshift, wadda take cikin Mint tun asali, kafin in taɓa wani abu.

Matsalar da ta fi daɗewa ita ce ta barci. Idan na rufe murfi a ɗakin malamai na tafi aji, in dawo in buɗe, wani lokaci faifan ba ya farkawa tare da sauran kwamfutar. Umarni biyu ne suke tashe shi, sudo modprobe -r i2c_hid_acpi sannan sudo modprobe i2c_hid_acpi, wato a sauke direban a sake ɗora shi. Da na gaji da rubuta su, muka zuba su cikin ɗan fayil a /usr/lib/systemd/system-sleep, inda tsarin yake gudanar da abin da ya tarar duk lokacin da kwamfuta za ta yi barci ko ta farka, muka sharɗanta masa ya yi aiki bayan farkawa kawai. Tun daga nan abin ya ragu ƙwarai. A ganina mai ƙera kwamfutar ne ya gwada ta da babbar manhaja ɗaya tak ya tsaya nan, masu aikin Linux kuma suka zo suna bin sawu. Amma malamin da ke da aji a gabansa ba ruwansa da wanda ya jawo, aiki yake so, kuma dole in faɗa cewa babu wata taga a cikin saiti da ta nuna mini inda ciwon yake, ko ta ce faifanka a matsayin linzami ake ganin sa. Bayanan taimako ma yawancinsu da Ingilishi suke, na Faransanci sun fi ƙaranci, abin da ya sa na dogara da yaron fiye da yadda na so.

Akwai kuma abin da ba na direba ba ne sam, wanda ya kamata mutanen yankinmu su sani kafin su zargi manhaja. Faifan yana aiki ne da ɗan canjin lantarki da fatar yatsa ke haifarwa, saboda haka gumi yana rikita shi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kibiya takan yi ta zamewa har sai na goge yatsa da faifan da ƙyalle. Na kuma lura cewa idan na jona wata caja mai araha da na saya, musamman a kan janareta, kibiya tana karkarwa, da na zare ta kuwa sai ta nutsu. Na koma cajar asali, karkarwar ta tafi. Mai gyaran ya ƙara mini da cewa idan faifai ya fara tasowa ko ya ƙi dannuwa, a duba batirin da ke ƙarƙashinsa, domin zafi yana kumbura shi, kuma kumburarren batiri hatsari ne. Sau ɗaya kuma faifan ya mutu murus, na shafe rabin sa'a ina binciken dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin ƙwayar Linux, ashe ƙaramar 'yata ce ta danna Fn da F7, madannin da ke kashe shi.

Duk da haka ban yi nadamar sauyin ba, kuma ina ba wa mai tsohuwar kwamfuta shawarar ya gwada, da sharaɗin ya yi gwajin da mu ba mu yi ba. Da wata abokiyar aikina mai koyar da tarihi ta kawo tata, na tayar da ita daga filash ba tare da linzami ba, na ja yatsu biyu, na buga sakin layi guda tafin hannuna yana kan faifan, na rufe murfi na buɗe har sau uku, na duba xinput list. Komai ya yi daidai, muka sa mata a ranar, kuma har yau ba ta dawo da ƙorafi ba. Tawa kuwa takan yi gardama jefi-jefi bayan dogon barci, don haka linzamin mai igiya yana nan a aljihun jakata, kusa da kwalin alli.